NAZARI: Fetur a farashin kasuwa, masara a farashin siyasa: lissafin da ya ƙi fita a Funtua da Malumfashi

A ranar 29 ga Mayu, 2023, Bola Ahmed Tinubu ya sha rantsuwar kama mulki a Dandalin Eagle da ke Abuja, kuma kafin ya sauka daga mumbari ya furta cewa tallafin man fetur ya ƙare. Daga baya, a wata ganawa da ’yan Najeriya mazauna Faransa, shi da bakinsa ya ce maganar ba ta cikin rubutaccen jawabin da aka shirya masa. Kafin gari ya waye layuka sun dawo gidajen mai. Bayan kwana biyu kamfanin NNPC ya fitar da sabon farashi: litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta koma 537 a Abuja, 540 a Kano. A ranar 14 ga Yuni Babban Banki ya sakar wa naira mara, dalar da hukuma ke ƙayyadewa a wajen naira 460 ta doshi 750, kafin Fabrairun 2024 kuma ta haura 1,500.

A Abuja, ƙarshen Mayu lokacin miƙa mulki ne. A kudancin Katsina kuwa lokacin shuka ne. Manomin Dandume ko Kafur ya riga ya sayar da ragowar hatsinsa ko ɗan akuyarsa, ya ware kuɗin huɗa da na iri da na taki bisa farashin da ya sani. Sabon shugaba ya zo da sabon lissafi a daidai makon da tsohon lissafin ya fara aiki a gona.

Shiyyar Funtua, mai ƙananan hukumomi 11, ita ce rumbun jihar. Ruwan sama ya fi sauka a nan a kan Daura ko Jibiya, ƙasar kuma tana karɓar masara da dawa da waken suya da shinkafa. Auduga ce ta ɗaga sunan Funtua da Malumfashi tun zamanin Turawa, lokacin da aka kafa masana’antun gurza, layin dogo kuma ya ratsa Funtua daga Zariya zuwa Ƙaura Namoda. Danja ta shahara da tumatir da rake da mazarƙwaila. Duk wannan noma yana tafiya ne a kan mai, ko da manomin bai taɓa mallakar mota ba.

Inda man ke shiga gona

Masu kare cire tallafin sun daɗe suna cewa masu manyan motoci a Legas da Abuja da ’yan fasa-ƙwauri ne suka fi cin moriyarsa. Akwai gaskiya a ciki. A 2022 kaɗai tallafin ya laƙume sama da naira tiriliyan 4, kuma wani kaso na man yana tsallaka iyaka zuwa Maraɗi da Kwatano. Sai dai wannan hujja ta manta da ƙaramin injin ban-ruwa, wanda da fetur yake aiki, kuma shi ne ƙashin bayan noman rani a fadamun Danja da Kafur da bakin madatsun ruwa irin na Mairuwa da Gwaigwaye. Ta manta da babur ɗin da ke kai taki gona ya ɗauko buhu zuwa bakin titi, da injin casar masara, da injin niƙan da kowace unguwa ke dogaro da shi.

A ɗauka, don misali, manomi yana ƙona lita biyar a kowane ban-ruwa. A kan naira 195 kuɗin bai kai dubu ɗaya ba. A Oktoban 2024, lokacin da NNPC ya kai lita naira 1,030 a Abuja, wannan lita biyar ta haura dubu biyar, kuma wanda ke saye a hannun ’yan bumburutu a ƙauye ya fi haka biya. Tumatir ba ya jiran farashi ya sauka. In aka tsallake ban-ruwa biyu a watan Fabrairu, an yi asarar kakar. Ga shi kuma yankin ya riga ya ɗanɗani wahalar mai tun 2021, lokacin da gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana sayar da fetur a jarka domin toshe wa ’yan bindiga hanya. Manomin rani a jarka yake sayen mai, domin ba a tura injin ban-ruwa zuwa gidan mai.

Taki ma makamashi ne da aka zuba a buhu. Da iskar gas ake yin yuriya, kuma duk da cewa kamfanin Dangote a Legas da Indorama a Eleme suna sarrafa ta a cikin gida, farashinta yana kallon dalar da za a samu in an fitar da ita waje. Wasu sinadaran haɗa NPK daga waje ake shigo da su. Saboda haka faɗuwar naira ta bugi manomin masara fiye da na gero, domin masara ba ta yafe wa wanda ya rage mata taki.

Me ya sa aka yi shiru da fari

A Janairun 2012, da Goodluck Jonathan ya ɗaga lita daga naira 65 zuwa 141, ƙasar ta tsaya cik har sai da aka dawo da ita 97. Tinubu yana cikin waɗanda suka soki matakin a wancan lokaci. A 2023 tsallen ya fi girma, amma tituna ba su cika ba. Ƙungiyar ƙwadago ta yi barazanar yajin aiki a watan Yuni, ta janye.

Dalilan shirun suna da yawa. Manyan ’yan takara uku, Tinubu da Atiku Abubakar da Peter Obi, duk sun yi alƙawarin cire tallafin, don haka babu jam’iyyar da za ta jagoranci bore da tsabtar hannu. Dokar masana’antar man fetur da Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Agustan 2021 ta riga ta tanadi sakin farashi, kasafin 2023 kuma ya ware kuɗin tallafi ne zuwa ƙarshen Yuni kawai. Abin da Tinubu ya yi shi ne gaggauta ranar da wata guda, ba tare da ya shimfiɗa komai a ƙasa ba kafin faɗuwar. Sannan gwamnonin APC na Arewa da malamai da dama sun tsaya wa tikitinsa, kuma ba a cika zagin abin da aka tallata jiya ba.

Akwai wani dalili da ya keɓanta da yankin noma. Daga ƙarshen 2023 zuwa tsakiyar 2024 hatsi ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba. A Yunin 2024 hukumar ƙididdiga ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Babban manomin da ke da rumbu da ƙarfin ajiya, da dillalin da ke cika sito a kasuwar Dandume ko Bakori, sun ga kuɗin da ba su taɓa riƙewa ba. Tsadar fetur ta cije su, tsadar masara ta shafa musu magani. Ƙaramin manomi, wanda ke sayarwa da kaka don biyan bashin taki sannan ya dawo kasuwa da tiya a watan Yuli, shi ya sha duka biyu. Shi da ɗan acaɓa da malamin firamare da matar da ke suyar ƙosai. Wannan rabuwar kai ta sa fushin ya daɗe yana ci a ƙarƙashin toka.

Agustan 2024

Ya fito fili a ranar 1 ga Agusta, 2024, a zanga-zangar tsadar rayuwa da aka tsara ta kwana goma. Abin da ya ba masu mulki mamaki shi ne inda ta fi zafi. An zaci Legas ce, kamar zanga-zangar EndSARS ta 2020 da Arewa ta fi yawan kallo daga nesa. Sai ga Kano da Kaduna da Jigawa da Borno da Katsina a gaba. Gwamnatin Katsina ta sanya dokar hana fita ta awa 24 a Dutsin-Ma, da ta dare a sauran ƙananan hukumomi, har da Funtua da Malumfashi. Ƙungiyar Amnesty International ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a jihohi shida, Katsina na ciki. Rundunar ’yan sanda ta musanta. A ranar 1 ga Nuwamba ƙasar ta kalli yara ƙanana, da yawansu daga Kano da Kaduna, ana gurfanar da su gaban Babbar Kotun Tarayya a Abuja bisa zargin cin amanar ƙasa, wasu suna zubewa saboda galabaita, kafin shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su.

An yi ta magana a kan tutar Rasha da wasu matasa suka ɗaga, kuma maganar ta taimaki gwamnati, domin ta mayar da muhawarar daga kan farashin abinci zuwa kan tsaron ƙasa. Babbar buƙatar masu zanga-zangar ita ce a dawo da tallafi. Amsar ta zo ranar 3 ga Satumba: lita ta tashi daga 617 zuwa 897 a Abuja. A nan ne aka gane cewa fiye da shekara guda NNPC yana sayar da mai ƙasa da kuɗin shigo da shi, wato tallafin da aka ce ya ƙare ya dawo ta ƙofar baya yayin da naira ke faɗuwa, har bashin dillalan waje ya yi wa kamfanin katutu. Talaka ya biya farashin cire tallafi, baitulmali kuma ya ci gaba da biyan wani ɓangarensa a ɓoye.

Ƙofar da aka buɗe wa masarar waje

Gwamnati ba ta ja da baya a kan fetur ba, amma ta ja da baya a wani wuri, kuma a nan ne zancen ya shafi Funtua kai tsaye. A Yulin 2024, ana gab da zanga-zangar, aka sanar da ɗage kuɗin fito na kwana 150 a kan masara da shinkafa da alkama da wake da za a shigo da su. Manufar a bayyane take: a sauko da farashin abinci a birane, inda fushi ke iya rufe titi.

Farashin ya sauko. A kakar 2025 masara ta faɗi warwas a kasuwannin Arewa, har buhun NPK mai kilo 50 ya fi buhun masara mai kilo 100 tsada. Ba shigo da abinci kaɗai ya jawo haka ba. Naira ta ɗan daidaita, an samu damina, masu ɓoye hatsi kuma sun fito da shi don gudun asara. Ga mai saye a Kano ko Katsina wannan sauƙi ne na gaske, kuma babu mai hankalin da zai yi fatan a koma yunwar 2024. Amma ga wanda ya noma masarar, ga abin da ya faru: an gaya masa cewa fetur da dizal da taki da dala dole su bi kasuwa, domin gwamnati ba ta da hurumin riƙe farashi. Da amfanin gonarsa ya bi kasuwar nan ya tashi, sai gwamnati ta tuna tana da hurumi. Kayan da yake saye an bar su ga kasuwa, kayan da yake sayarwa an sa musu hannu. Tallafin bai mutu ba, mai biyansa ne ya sauya; yanzu manomin Sabuwa ne ke tallafa wa tukunyar birni daga aljihunsa, shi da ke noma cikin fargabar ’yan bindiga.

Fargabar kuma ba ta zama tarihi ba. A Agustan 2025 an kashe masallata da dama a sallar asuba a Unguwar Mantau, cikin ƙaramar hukumar Malumfashi. A sassan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, shiga gona kanta tana da farashin da ba ya cikin kowane kasafi.

Wutar da ba ta iso ba

Da lantarki ya wadata, da tsadar fetur ba ta yi wannan ciwo ba. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wuta ga ’yan rukunin A daga wajen naira 68 zuwa 225 a kan kowane ma’auni, bisa alƙawarin awa 20 a rana. Masana’antar gurzar auduga ko injin gyaran shinkafa a Funtua yana tsakanin zaɓi biyu: wutar KEDCO mai tsada in ta zo, ko dizal in ba ta zo ba. A Oktoban 2024 zaɓin ya zama ɗaya, domin an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin Ugwuaji zuwa Apir da ake dogaro da shi ya faɗi, yawancin Arewa ta kwana fiye da mako a duhu. Tashar tsandaurin Funtua, da aka ƙaddamar a 2024 don fitar da kaya waje, za ta fitar da abin da aka sarrafa ne, sarrafawa kuma wuta take so.

Maganin da Abuja ke tallatawa shi ne iskar gas ta motoci. Tana da arha, amma tana buƙatar bututu da tashoshi, kuma bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai kilomita 614, da aka fara a 2020, ya sha tsallake ranakun da aka ɗibar masa. Manoma ba su jira shi ba. Da yawa sun kai injinansu wurin makanikai an juya su zuwa tukunyar gas ɗin girki, masu hali sun koma sola. Gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta raba injinan ban-ruwa masu aiki da hasken rana, kuma wannan yana cikin ’yan matakan da suka dace da ciwon. Tambayar ita ce nawa suka isa hannun mai fadama, nawa suka tsaya a hannun mai katin jam’iyya.

Wannan tambaya ta kai ga wadda matasan yankin ba su cika yi ba. Kuɗin da aka daina kashewa a tallafi, da ribar faɗuwar naira, sun kumbura kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa daga asusun tarayya. A ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa kasuwar wutarsu. Fushin yana tafiya Abuja, amma wani kaso mai tsoka na kuɗin yana sauka a Katsina da sakatariyar Bakori da ta Musawa. Zagin shugaban ƙasa a Facebook ya fi sauƙi a kan neman kasafin ƙaramar hukuma a hannun shugaban da ake haɗuwa da shi a wurin ɗaurin aure.

Da firaminista ne fa?

A Fabrairun 2024, ana tsakiyar tsadar, ’yan Majalisar Wakilai kusan 60, da Abdussamad Dasuki na Sakkwato a matsayin kakakinsu, suka gabatar da ƙudirin komawa tsarin firaminista, wanda Najeriya ta rabu da shi tun kisan Abubakar Tafawa Ɓalewa a Janairun 1966. Hujjar tana da daɗin ji ga wanda ke cikin ƙunci: shugaban da manufarsa ta gaza ba sai an jira shekara huɗu ba.

Ingila ta ba da misali a 2022. Liz Truss ta hau mulki ranar 6 ga Satumba, ana kukan tsadar gas da lantarki. Bayan kwana biyu ta yi alƙawarin riƙe kuɗin makamashin matsakaicin gida a kan fam 2,500 a shekara har shekara biyu, sannan ta haɗa da rage haraji ba tare da nuna inda kuɗin zai fito ba. Kasuwa ta birkice, sabon ministan kuɗinta ya rage alƙawarin zuwa wata shida, ’yan majalisar jam’iyyarta suka juya mata baya, Rishi Sunak ya gaje ta bayan kwana 49. Abin lura shi ne ba sunan kujerar ne ya kore ta ba. ’Yan majalisar da suka san mazaɓunsu za su hukunta su ne suka kore ta.

Misali na biyu ya fi kusa, tsallaken Jibiya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, sojojin Nijar sun naɗa Ali Mahamane Lamine Zeine firaminista a madadin Ouhoumoudou Mahamadou. Najeriya, wadda ke ba Nijar mafi yawan lantarkinta, ta yanke wutar na tsawon watanni. A Yulin 2024 gwamnatin Yamai ta rage litar fetur zuwa sefa 499, kuma an yi ta yaɗa labarin a wayoyin matasan Arewa a matsayin shaidar cewa ga masu tausayin talaka. A Maris na 2025 layuka suka mamaye gidajen man Nijar. Matatar Zinder mai ganga 20,000 a rana ba ta isar ƙasar, man sumogal daga Najeriya da ke cike giɓin kuma ya daina riba tun da aka cire tallafi. Ashe wani ɓangare na arhar da ake yabo, baitulmalin Najeriya ne ya daɗe yana biya. Nijar tana da firaminista, amma babu zaɓaɓɓiyar majalisar da za ta tambaye shi.

Saboda haka ƙudirin Dasuki da abokansa ya taɓo ciwon amma bai kai ga tushensa ba. Majalisar da ta amince da kasafin da ya yanke tallafi a watan Yuni ba tare da ta tilasta tanadin sauƙi ba, ita ce za ta zaɓi firaministan. Kudancin Katsina yana da sanata da ’yan majalisar wakilai a Abuja, kuma batun ɗage kuɗin fito a kan masara ya shafi mazaɓunsu fiye da kusan kowace mazaɓa a ƙasar nan. Matsayin da kowannensu ya ɗauka a kai abin tambaya ne tun yanzu, ba sai an sauya tsarin mulki ba.

A zaɓen Fabrairun 2023 Atiku ya samu ƙuri’a 489,045 a Katsina, Tinubu 482,283, tazarar 6,762 kacal, kuma a lokacin Buhari yana kan mulki yana ɗaga hannun ɗan takararsa. Buhari ya rasu a Yulin 2025. Amma kafin akwatin 2027, akwai wata ƙuri’ar da ake kaɗawa a gona. Manomin da buhun masararsa ya kasa sayen buhun taki yana da hanyoyi kaɗan: ya rage faɗin gonar, ko ya koma dawa da waken suya da ba su cin taki sosai, ko ya bar injin ban-ruwa a ɗaki wannan rani. In da yawa suka zaɓi haka a Dandume da Kafur da Danja, ƙarancin zai bayyana a kasuwar Dawanau da kamfanonin abincin kaji a watannin da ’yan takara za su fara yawon neman ƙuri’a.